Akwai Ɗaya a Wajen Shanu

Shekara goma sha biyu ke nan, da wannan watan na Sha'aban, da muka kai mahaifiyata makwancinta a Tudun Wada. Inna muke ce mata, mu da 'ya'yanmu da maƙwabta, har da mai kawo mana itace. Kowace shekara in watan ya kama nakan ce bana zan rubuta wani abu a kanta, in ɗauki alƙalami, in juya shi, in ajiye. Abin faɗar ne yake da nauyi. Ba yadda zan ba da labarin Inna ban ba da labarin fuskar yayana ba, ni kuwa har gobe in na dubi fuskar nan kunya nake ji. Bana dai na daure na je Falgore na nemi izninsa. Ya ce, "Rubuta mana, Malam, wa ya hana ka? Ai fuskar a waje take, ba a aljihu nake yawo da ita ba."

Yaya Hammadu shi ne ɗan farin Inna. Ni nake bi masa, da 'yar tazara saboda biyu sun koma a tsakaninmu, sannan ƙanwarmu Hajjo. Wanda bai san shi ba, abin da zai fara gani zanzana ce, tabon agana, ta cika masa fuska tun daga goshi har wuya, idonsa na hagu kuma hakiya ta rufe shi ruf. Yaran yanzu ba su san irin wannan fuska ba. Kwanaki wani ɗan acaɓa da ya ɗauko shi daga tasha ya tambaye shi wai ko tafasasshen mai ne ya fallatsar masa yana yaro. Ban ga laifinsa ba. Ina zai san agana, cutar da aka gama da ita tun ubansa yana goye? Mu da muka ga ƙarshenta mun san tsofaffi ko sunanta ba sa kamawa, sai dai su rage murya su ce 'yan rani sun sauka a gari kaza. Yaya mutum ne da bai iya roƙo ba. Abu ɗaya tak ya so daga wurin Inna, ya ji ta ƙirga shi cikin 'ya'yanta da bakinta, kuma ya kusa shekara hamsin yana jira.

A wata ruga aka haife mu gab da dajin Falgore. Fulani ne mu masu kiwo da ɗan noma, Hausa a bakinmu, Fillanci a bakin tsofaffinmu. Dole in tsaya nan in yi wa 'yan baya bayani, in ba haka ba za su ɗauki Inna muguwar uwa, ita kuwa Allah Ya sani ba haka take ba. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta san da shi a gaban mutane, balle a gaban surukai. Uban ma haka. Da an yaye yaro sai kakarsa ta ɗauke shi, ta zama uwarsa ta fili. Ita ke kiran sunansa, ita ke rama masa faɗa, ita ke faɗa in ba shi da lafiya. Hausawa ma suna da kunyar ɗan fari, amma tamu ta fi tsauri, kuma tinƙaho muke yi da ita. Macen da aka ji ta kama sunan ɗan farinta, sai an shekara ana zancenta a bakin rafi. Inna kuwa ko a cikin masu kara ita ta dabam ce. In ya zama dole sai ta ce "yaron Kaka". Ko wani Hammadun ne can ya zo sayen nono, "mai sunan wancan" take ce masa.

Ina da kamar shekara bakwai, shi yana sha biyu ko sha uku, aka yi bazarar da 'yan rani suka shigo mana. Kaka, mahaifiyar babanmu, ita ta fara kwantawa. Ta je suna wani ƙauye wajen Doguwa ta dawo da zazzaɓi da ciwon baya, kafin a ankara ƙuraje sun feso mata. Yaya kuwa a bukkarta yake kwana tun yaye. Da aka gane ko mene ne, aka fitar da shi, aka kuma hana sauran yara kiwo tare da shi. Sai ya zama shi kaɗai yake kora 'yan shanun Kaka ya yi gabas da su wajen wani kwari, sauran yara su yi yamma da babban garke. Inna ce ke jinyar surukarta, ni da Hajjo muna manne da zaninta, duk inda ta shiga mun shiga.

Ana cikin haka wata hantsi sai ga malamin asibiti a kan keke, da akwatin ƙarfe ɗaure a baya, gumi ya jiƙa masa kaki sharkaf. Ardo ya tara mutane a gindin wata kaɗanya, aka shiga yi wa kowa lamba a dantse, babba da yaro. Yaran da ke daji kuma iyayensu suka riƙa faɗa ana aikawa a kirawo su. Inda ɗan fari ne, kakarsa ce ke ɗaga murya ta ce, "Akwai nawa a wajen shanu!" Ka ga ke nan al'adar ta tanadi bakin da zai yi magana a madadin uwa. Sai dai bakin da aka tanadar wa Yaya yana kwance a bukka, ƙuraje sun toshe shi, ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Ɗan aike ya yi yamma ya koro yaran babban garke, suka iso yuu a tare. Gabas ba wanda ya nufa.

Da aka gama lamba sai malamin ya fito da wata kwalba ya ɗaga. Ya ce wannan sabon magani ne da likita ya ba shi daga birni, ba shi da yawa, kuma ba na kowa ba ne. Na waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da mai ciwon ne ko suke shiga wurinsa, domin su lamba tana iya makara a kansu. Ruwa ne mai kauri, launin garin ɗorawa. Har yau in na ga ana dama ɗorawa sai zuciyata ta tashi. Ardo ya nuna Inna ya ce ita ke jinya. Malamin ya ba ta cokali ta shanye, sannan ya ce, "Baiwar Allah, 'ya'yanki fa? Duk wanda ya shiga ɗakin nan a kawo shi." Ta turo ni gaba, ta turo Hajjo. Aka ɗura mana, ina ihu ina harbe-harbe. Ya goge cokalinsa, ya dube ta ya ce, "Su ke nan? Biyu?"

Ardo yana tsaye. Yayyen babanmu suna tsaye. Babanmu da muke kira Baffa yana nan ya dogara da sandarsa yana tonon ƙasa da ita. Kowa a wurin ya san uku ne, kowa kuma ya san wanda ya fi kowa kwana a bukkar nan. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta dubi Baffa ta wutsiyar ido. To, shi ma ɗan farinsa ne. Ya ci gaba da tonon ƙasa. Ta dubi ƙofar bukkar Kaka, sannan ta sunkuyar da kai. Malamin yana da wasu rugage a gabansa, rana kuma ta take, sai ya ɗauki shirun nan amsa ce, ya toshe kwalbarsa ya ɗaure akwati ya hau keke. Abin da ban riƙe ba na wannan rana matan ruga sun cike mini daga baya, don shekara da shekaru suna maimaita shi kamar ba a gaban idonsu aka yi ba. Su ne suka gaya mini cewa bayan an watse, babban yayan Baffa har yaba mata ya yi, ya ce lallai ƙaninsa ya auri Bafulatanar asali.

Maganin nan kuwa, tirƙashi! Kafin la'asar ni da Hajjo da Inna mun zube muna kwara amai kamar za mu fitar da hanji. A haka Yaya ya koro shanu ya dawo da yamma, ya tarar da kowa da ɗan jini a dantse, mu kuma a kwance. Shi ya ɗebo mana ruwa. Wani ɗan yayan babanmu mai bakin tsiya ya tare shi a hanyar rafi ya ce, "Kai ba ka sha ba. An ce uwa ta kawo 'ya'yanta, Inna ta kawo biyu." Kaka ta rasu bayan 'yan kwanaki. Ba a jima da binne ta ba zazzaɓi ya kama Yaya.

Aka yi masa bukka a bayan ruga aka zuba yashi a ciki. Inna ta shiga ta zauna, ba wanda ya aike ta, ba kuma wanda ya iya fito da ita. Ta riƙa ɗiga masa madara a ido, tana kore masa ƙuda da ganye, tana juya shi in yashin ya jiƙe. Mata suka yi ta ƙus-ƙus wai ta zubar da fulako, ita ko a jikinta. Amma ka ji ikon Allah, duk tsawon jinyar nan, in ji shi, ko sau ɗaya ba ta kama sunansa ba. "Sha," take cewa. "Juya." Ya tashi da ido ɗaya da wannan fuska. Ni da Hajjo ko ƙurji bai fito mana ba.

To ga inda kunyata take. Na san ban yi laifi ba, yaron da aka danne ana ɗura masa magani me zai ce? Amma duk sanda muka jera da shi a masallacin Idi ko wurin ɗaurin aure, mutane suka dubi fuskarsa suka dubi tawa sumul, sai in ji kamar sato ta na yi. Ni aka kai makaranta na zama malami, shi ya zauna da shanu don ba ya son idon 'yan gari. Ni sau ɗaya na nemi aure aka ba ni, shi sai da aka yi ta dawo masa da goro ana cewa yarinyar ta ƙi. Kuma ina jin kunyar mutanenmu gaba ɗaya, ƙarti masu sanda da za su tari kura saboda maraƙi ɗaya, amma suka tsaya kowa yana jiran wani ya ce akwai yaro a kwari. Baffa bai taɓa tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Abin da ya yi kawai, ya ware karsanar da ta fi kowace kyau a garke ya ce ta yaron Kaka ce. Yaya ya karɓa ya yi godiya.

Bayan rasuwar Baffa na ɗauko Inna ta dawo gidana a Tudun Wada. Kowace ranar kasuwa Yaya zai zo da kindirmo a jarka, ya miƙa wa matata, ya je ya tsuguna a ƙofar ɗakin Inna, ta bayan labule.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya. Ya shanu?"

"Lafiya lau."

"Ya mutanen gida?"

"Suna gaishe ki."

"Madalla."

Shi ke nan fa, an gama hira, sai ya tashi ya dawo zaure. Yana fita za ta tsare matata da tambaya. Ya rame ko? Tarin nan ya sake shi? Me kika ba shi ya ci? Goron da ya fi kowane fari ta ɓoye shi a ƙarƙashin matashi tun farkon mako, ta bayar a kai masa, kada kuma a ce daga ita ne. Wata rana na gaji na ce, "Haba Inna, ga shi nan a zaure, ki tambaye shi da kanki mana." Ta harare ni ta ce, "Kai dai ba ka da ta ido. Boko ya cinye ka."

Maganar kwalbar nan 'yata Rabi ce ta sake tono ta. Ba ita ce ta fari ba, kada wani ya ce na yi rashin kunya a jarida. Ta karanta harhaɗa magunguna, wani hutu na kwatanta mata launinsa da aman da ya sa mu, ta je ta bincika. Ta ce ba za ta rantse ba, amma ya yi kama da wani da ake kira metisazon. A waɗancan shekaru an gwada shi a kan mutanen da suka cuɗanya da mai agana, ana kuma bai wa wanda lambarsa ta rikiɗe ta zama gyambo. Ta ce an san shi da tayar da zuciya, da yawa sukan amayar da shi kafin ya yi aiki, likitocin ma bakinsu bai zo ɗaya ba kan yawan kariyar da yake bayarwa. Da lamba ta kawar da agana sai aka jingine shi, yanzu ko ka zagaye kemis ɗin Kano kaf ba za ka same shi ba.

Wallahi murna na yi. Na hau babur na nufi Falgore ina ganin na ɗauko albishir. Na same shi a garke yana cire wa wata saniya kaska, na zayyana masa komai tiryan-tiryan.

Ya ce, "To, Malam. Wato ko da na sha, ƙila sai na yi ciwon."

Na ce, "Haka ta ce, Yaya. Ka ga ashe ba wani abu ka rasa ba."

Bai ɗago ba. Ya ciro kaskar ya murƙushe ta a kan dutse, sannan ya ce, "Ni ban taɓa jin haushin kwalbar nan ba. Ciwo na Allah ne. Ido ma Shi Ya ba ni biyu Ya karɓi ɗaya. Ta yi jinyata, na san hannunta. Abu ɗaya ne dai. An tambaye ta, su ke nan, biyu? Ina so kafin ɗayanmu ya mutu in ji ta ce uku."

Na dawo gida. Na yi ta juya maganar, ƙarshe na shiga wurin Inna na same ta tana tsince wake a faifai, na faɗa mata ta maganin, na kuma faɗa mata abin da ya ce. Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Wa ya aike ka?" Na ce ba kowa. Ta ce, "To tashi ka ba ni wuri." Ranar ba ta ci tuwo ba. Kasuwa ta zagayo, ya zo ya tsuguna, aka yi ya shanu, aka yi madalla, ba abin da ya sake. Na ce a raina shi ke nan, haka za su tafi kabari su biyun.

A shekarun nan ne ake yawan bi gida-gida ana ɗiga wa yara rigakafin foliyo. Gidaje da dama a layinmu rufe ƙofa suke yi ko su ɓoye yara. A namu kuwa Inna ta kafa doka, ko ina nan ko ba na nan a shigo da su, jikan da ya shige ƙarƙashin gado da sandarta take zaƙulo shi. Wata ranar kasuwa Yaya ya gama gaisuwarsa, muna zaune a zaure ni da shi muna shan fura, sai ga 'yan mata biyu da hijabi da 'yar kularsu ta ƙanƙara, suka yi sallama suka wuce ciki. Bango ɗaya ne tsakaninmu da tsakar gida, muna jin komai. Suka ɗiga wa yara, suka shafa wa kowa tawada a ƙaramin yatsa, alamar an yi masa. Sannan ɗayar ta yi tambayar da suka saba yi a kowane gida: "Su ke nan, Hajiya? Ba sauran yaro?" Matata ta ce su ke nan.

Sai muka ji muryar Inna daga ɗaki, da ƙarfin da ban taɓa sanin tana da shi ba.

"Ku dakata! Ba su ke nan ba. Nawa uku ne. Akwai ɗaya a wajen shanu, shi ya kwana a ɗakin. Hammadu sunansa. Hammadu. Ku jira shi."

'Yan matan suka ƙyalƙyale da dariya. Na ji matata tana ce musu ƙasa-ƙasa, "Ku yi haƙuri, tsufa ne." Na tashi na leƙa. An ɗage labule, Inna tana zaune a kan tabarmarta ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Wanda tsufa ya ruɗa ba ya rufe fuska. Ta san ranar kasuwa ce, ba a jima ba ta amsa gaisuwarsa, ta kuma san inda yake zaune. Ba za ta iya faɗa masa a ido ba, shi ya sa ta jira har Allah Ya kawo baƙin da za su sake yi mata tambayar nan.

Yaya ya ajiye ludayi. Sannan ya miƙe ya tuɓe takalmi ya shiga tsakar gida, dattijo da furfura a gemu, ya tsuguna gaban 'yan matan nan ya ce, "Ga ni. Ni ne."

Dariya ta ɗauke. Yarinyar ta dube ni, ta dube shi, ta ce, "Baba, ai na ƙananan yara ne."

Ya ce, "Na sani, 'yata. Sa mini tawadar kawai."

Ya miƙa ƙaramin yatsa ta shafa masa. Ya je ƙofar ɗaki ya tsuguna inda ya saba tsugunawa, ya ce, "Inna, an yi mini."

Daga cikin mayafi ta ce, "Madalla." Can kuma ta ce, "Ya shanu?"

Ya ce, "Lafiya lau."

Ni dai na zagaya bayan gida na yi kuka kamar ranar da aka ɗura mini maganin. Ba ta sake kiran sunan ba. A Sha'aban ɗin shekarar nan ta rasu.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Rabi tana da ɗan fari yanzu, tana ƙwala masa kira da sunansa tun daga bakin layi, ta rungume shi a gabana, hotonsa ne ma a fuskar wayarta. Na tabbata Inna salati za ta saka ta ce duniya ta zo ƙarshe. Ni kaina kau da kai nake yi, kuma har yau sunan babban ɗana nauyi yake mini a baki. Ba zan ce karar nan duk sharri ba ce. Ta sa yaro ya zama na dangi duka, ta hana a sangarta shi. Amma na ga ranar da aka biya ta da ido, kuma yaron da ba a yi shawara da shi ba shi ya biya. Da Inna za ta ji ana zancen ƙyandar biri a rediyo, samari suna nuna wa juna hoton ƙuraje suna firgita, na san murmushi za ta yi ta ce ba ku ga komai ba. Abin da zai tayar mata da hankali shi ne gidajen da har yanzu suke ɓoye yara. An kawo musu magani har ƙofa, kyauta, wanda ya fi na kwalbar nan nesa ba kusa ba, ba amai ba wahala, su ce ba yaro a gidan alhali ana jin kukansa. Cikinsu har da waɗanda ni na koyar a aji, kuma wannan ma kunya yake ba ni. Da tana nan da sanda za ta bi su.

Ba ta bar dukiya ba. 'Yan ƙore ne, da carbi, da akwatin zannuwa. Ranar rabon gado Yaya ya ce shi mayafin nan kawai yake so, aka ba shi. Da na je neman izninsa bana na yi sa'a, na tarar masu rigakafin ƙyanda sun zo rugarsu, irin wanda ake yi har wa manyan yara. A nan na ga abin da ya rage na Inna. Yaya ya shimfiɗa wa masu allurar tabarma a inuwa, ya sa an dama musu fura, shi kuma ya zauna a gefe da sandarsa. Matan ruga suna turo 'ya'yansu, amma in an zo kan ɗan fari ba sai uwa ta buɗe baki ba, shi ke kiran sunan da ƙarfi, gida bayan gida, na kowa da kowa. Ya ce mini tun bayan rasuwar Inna ya ɗora wa kansa wannan aiki. "Ni ne kakar duk wani ɗan fari a rugar nan," in ji shi. "Mai jin kunya ta ji kunyarta, ni na ɗauke mata maganar." Na tambaye shi ko yana tuna tawadar nan. Ya dubi yatsansa ya ce, "Ai ta goge tun tuni, Malam. Amma ta ce uku."

Rana ta yi tsaka, masu allurar suka fara haɗa kayansu. Babbar cikinsu ta rataya jaka, ta dubi taron ta ce, "To, su ke nan ko?" Wata 'yar matashiya a can baya ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Yaya ya bi ta da idonsa ɗaya, sannan ya ɗaga sanda ya gitta ta a hanya.

Ya ce, "Ku zauna ku ƙara fura. Akwai ɗaya a wajen shanu."